Babban sharhi ko ƙananan littattafai: wanne ya dace da darasin matasa?

Malama, tsakanin biyun da kika ambata, ki sayi Sharhin Littafi Mai Tsarki Don Afirka, ki bar ƙananan littattafan nan da ake talla a ƙofar majami'a, domin darasin luwaɗi da maɗigo da za ki koyar a zumuntar matasa ya fi ƙarfin aya guda.

Sharhin ya fara fitowa da Turanci a 2006, aikin masana tauhidi 70 ne 'yan Afirka a ƙarƙashin jagorancin marigayi Tokunboh Adeyemo, da hannun Farfesa Yusufu Turaki na nan Jos a ciki, daga baya aka fassara shi zuwa Hausa. Yana da kauri, kuɗinsa ma ba kaɗan ba ne, amma yana bin kowane littafi sura bayan sura, ba ya barin mai karatu ya tsinke aya ya gudu da ita.

Na ga amfanin haka ranar da wani saurayi ya biyo ni gida bayan sujada, ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa, ya tambaye ni ko Allah ya riga ya yashe mai irin wannan sha'awa. Ban tambaye shi ko kansa yake nufi ko abokinsa ba. Muka buɗe Romawa 1:26-27, inda Bulus ya ce wannan aiki ya saɓa wa tsarin halitta, kuma ban ɓoye masa ba cewa a kan wannan koyarwa ikkilisiyarmu take tsaye. Sai dai sharhin ya ja mu zuwa ayoyin da ke biye, inda hassada da tsegumi da girman kai da rashin biyayya ga iyaye suka shiga jerin, har muka kai farkon sura ta 2, inda aka ce mai hukunta wani ba shi da hujja. Daga nan muka je 1 Korintiyawa 6:9-11, wadda ta haɗa masu luwaɗi da mazinata da ɓarayi da mashaya da masu kwaɗayi wuri ɗaya, sa'an nan ta ce haka waɗansunku suke a dā, amma an wanke ku. Yaron ya karanta aya ta 11 da bakinsa, ya yi shiru, muka yi addu'a. Har yau yana zuwa zumunta.

Ƙananan littattafan kuwa suna da araha kuma suna shiga aljihu, iyakar abin da zan iya faɗa musu ke nan. Wanda na taɓa saya ya cika shafuka da wutar Saduma ta Farawa 19, amma ko sau ɗaya bai ambaci Ezekiyel 16:49 ba, inda aka lissafa girman kai da ƙoshi da ƙin taimakon matalauta cikin laifin birnin.

Akwai kuma abin da za ki ƙara da kanki, domin matasanmu suna riƙe da waya, sun san ba dukan masu amsa sunan Kirista ne suke magana da murya ɗaya ba. A babban taronsu na duniya, wato taron Lambeth na 1998, bishop-bishop na Anglika sun ce aikin luwaɗi bai dace da Nassi ba, amma a cikin ƙuduri guda suka yi alkawarin sauraron waɗannan mutane da yi musu hidima. Da ikkilisiyar Episcopal ta Amurka ta naɗa Gene Robinson, wanda yake zaman luwaɗi a fili, bishop a 2003 sai ɓaraka ta fito fili, har aka kafa GAFCON, ƙungiyar 'yan Anglika da suka ƙi wannan mataki, a Urushalima a 2008, wadda Bishop Benjamin Kwashi na Jos ya riƙe mata babban sakatare daga baya. Katolika tana bambanta sha'awa da aikatawa, ta kira aikin zunubi, ta kuma umarci a karɓi mutumin da mutunci da tausayi. Kiristocin da suka amince da luwaɗi kuwa suna cewa Bulus yana magana ne a kan bautar gumaka da lalata da yara, ba a kan manya biyu da suka riƙe amanar juna ba. Ban yarda da wannan fassara ba, amma gara matasa su ji ta daga bakinki tare da amsarta, da su tsince ta a Facebook ba mai yi musu bayani. Ki kuma faɗa musu sarai cewa kiran abu zunubi bai ba kowa izinin duka ko tonon asiri ba.

Ki yi hattara da masu bugun sata. Akan kai littattafansu kusa da kasuwar Terminus da tashoshin mota, bango yana ƙyalli, farashi ƙasa da rabi, amma rubutun ya dushe, shafuka suna zubewa, wani lokaci ma a tarar an tsallake surori. Ki je kantin littattafan Kirista na ACTS da ke Bukuru ko na Challenge a cikin garin Jos, ki buɗe Romawa da Firistoci 18 ki duba kafin ki biya, ki kuma karɓi rasit domin ma'ajin zumunta ya mayar miki da kuɗinki.