A buɗe ƙoƙon kai ko a bi ta jijiya? Abin dubawa kafin a sa hannu a takardar tiyata

Goggona na tankaɗe a tsakar gida, a wani ƙauye kusa da Ringim, sai ta dafe ƙeya ta ce kamar an sare ta da gatari. Ta yi amai, wuya ya sandare. Aka yi tofi, aka kira wanzami ya kafa ƙaho, sai bayan kwana biyu aka sa ta a mota zuwa Kano. Hoton CT ya nuna jini ya malala a kewayen ƙwaƙwalwa, hoton jijiyoyi kuma ya nuna mafitarsa: wani ɗan kumburi a jikin jijiya, irin ƙarin da tsohon tiyub ɗin keke ke yi inda roba ta yi laushi. Likitoci na kiransa aniyurizim. Wajen mutum 3 cikin 100 na manya na yawo da shi ba su sani ba, akasari kuma har su mutu bai fashe ba. Idan ya fashe, haɗarin ya sake tsinkewa ya fi yawa a ranar farko, shi ya sa kwana biyun nan har yau suke ci mini rai.

Da likita ya ce ana iya buɗe kai, kawu ya miƙe tsaye: "A fasa mata kai? Ina! A nemo wata dabarar." Dabarar akwai ta, amma kowacce da ramin da ke gabanta.

Aikin buɗe kai shi ne tsoho. Walter Dandy ne ya fara yin sa da mamatsi, a Baltimo ta Amurka a 1937. Ana cire ɗan yanki na ƙashin kai, a lallaɓa a kai ga kumburin, a danne wuyansa da ɗan mamatsi na ƙarfen titaniyom, jini ya daina shiga. Aiki ne babba, jinyarsa na da tsawo. Amma in mamatsin ya zauna daidai, da wuya kumburin ya dawo.

Ɗayar hanyar ba a taɓa kai. Ana zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har ƙwaƙwalwa, a cusa lallausan zaren ƙarfen filatinom ya naɗe cikin kumburin, jini ya daskare a wurin ya toshe shi. Wani likita ɗan Italiya, Guido Guglielmi, ya ƙirƙiro irin zaren da ake iya sakewa a ciki, aka fara amfani da shi a 1990. Babban binciken da ya gwada hanyoyin biyu, ISAT, ya fito a mujallar Lancet a 2002, da marasa lafiya 2,143. Bayan shekara guda, waɗanda suka rasu ko suka koma sai an ɗauke musu komai sun kai kashi 23.7 cikin 100 a ɓangaren zare, 30.6 a ɓangaren mamatsi. A takarda, zare ya yi nasara.

Sai dai binciken ya ɗauki waɗanda kumburinsu ya dace da duka hanyoyin biyu ne kawai, kuma yawancinsu a Turai suke, inda komawa asibiti ba wani abu ba ne. Zaren kan dunƙule a hankali, jini ya sake samun gurbi, don haka dole a riƙa komawa ɗaukar hoton jijiya, wani lokaci a sake aikin. Ga mutumin Gumel ko Birnin Kudu, wannan kuɗin mota ne, da masauki, da kuɗin hoto, ƙila da damina ta kama. Ga shi aikin na buƙatar ɗaki mai na'urar haska jijiyoyi da ƙwararre na musamman, kayan kuma daga waje ake sayo su da dala, shi ya sa da yawa kan ƙare a Abuja, Legas, Masar ko Indiya. Wanda jini ke zuba a kansa ba shi da makonnin jiran biza. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa akwai su kusa, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A ganina, aikin da za a samu gobe a hannun wanda ya saba yin sa ya fi wanda za a samu bayan wata guda.

Siffar kumburin ma na da ta cewa. Mai faɗin wuya, ko wanda ya tara gudan jinin da sai an kwashe, ya fi son mamatsi. Wanda ke can ƙasan ƙwaƙwalwa ta baya, ko a jikin tsoho mai rauni, zare ya fi masa sauƙi.

Akwai kuma wata 'yar raga da ake shimfiɗawa cikin jijiya ta karkatar da jini, wadda Amurka ta amince da ita a 2011. Ta fi tsada, kuma tana tafe da asfirin da wani maganin hana daskarewar jini na tsawon watanni. Wanda kemis ɗin garinsu kan yi mako babu magani, ya yi tunani sosai.

Idan kuwa bai fashe ba, a hoto kawai aka ci karo da shi, kada a yi gaggawar sayar da gona. Binciken ISUIA na 2003 ya nuna ƙananan da ba su kai milimita 7 ba, a jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, ba kasafai suke fashewa ba. Sau da yawa shawarar ita ce a riƙe hawan jini, a yar da sigari, a riƙa duba girmansa.

Kafin a sa hannu, a tambayi likita irin wannan aikin nawa ya yi, ko akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman, da ko kuɗin da aka yanka ya haɗa da shi. A tambayi nimodifin, maganin da ake sha duk awa 4 har kwana 21, domin jijiyoyin kan tsuke cikin mako biyun farko ko da aiki ya yi kyau.

Na Goggo mai faɗin wuya ne, mamatsi aka sa mata, kawu da kansa ya dangwala yatsa. Da za a sallame mu na roƙi a rubuta mana irin ƙarfen da ke kanta, saboda ranar da za a bukaci hoton MRI, don wasu tsofaffin mamatsai ba sa shiri da maganaɗisun na'urar. Takardar na cikin ledar da take ajiye katin zaɓenta.