Gilashin ƙofar tsohuwar mota ya ƙi hawa: gyara, na hannu, ko sabo?

Duk mai riƙe da tsohuwar mota, Kunkuru ce ko Fijo 504 ko Marsandi W123, ya san ranar nan: ka murɗa hannun gilashi ka ji ya yi tauri, ko ya riƙa ƙas-ƙas gilashin na tsaye, ko kuma gilashin ya sulale cikin ƙofa. Abin da ke fara zuwa rai shi ne a sayo sabon injin gilashi, wato na'urar da ke cikin ƙofa mai ɗaga shi da sauke shi. Ni dai shawarata, kada ka ciro kuɗi sai ka cire murfin ƙofar ka gani da idonka, domin sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, laifin na maƙwabtansa ne.

Gilashi yana bin wata hanya mai laushi a gefe biyu na ƙofar. Idan ta bushe ko ta yage, sai ya cije. Giris ɗin da ya shekara arba'in kuwa yakan daskare kamar ƙaro. Akwai kuma 'yan ƙananan tayoyin roba da ke gudu cikin layin ƙarfe, suna farfashewa da tsufa, sannan ƙarfen da ke riƙe gindin gilashin yana cin tsatsa idan ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa sun toshe. Gwajin mai sauƙi ne: raba gilashin da injin, ka ɗaga shi ka sauke da hannu. In ya cije, matsalar hanya ce, kuma ko sabon inji ka saka haka zai wahala har haƙoransa su cinye.

To, a ce injin ne da kansa. Sai ka san irinsa. Yawancin motocin da na almakashi gare su: ƙarafa biyu a gicciye, da faifai mai haƙora da ƙaramin giya ke juyawa. Wasu na waya ne, igiyar ƙarfe da ke naɗewa a jikin ɗan gangan. Dabarar tsohuwa ce, tun 1928 kamfanin Brose na Jamus yake ƙera injin gilashin mota, kuma sirrinsa wani ɗan sifirin ne da ke riƙe gilashi a duk inda ka tsayar da shi. Gilashin da ke sauka da kansa in mota ta faɗa rami, wannan birkin ne ya gaji.

Gyaran na asali shi na fi so, musamman na almakashi. Ƙarfensa mai kauri ne, an auna shi da wannan ƙofar, ramukan noti sun zauna daidai. A wanke shi da kananzir, a sake tayoyin, a ɗaure ƙusar tsakiya in ta yi sako-sako, a shafa farin giris. Ko haƙori biyu ko uku ne suka cinye, mai walda mai haƙuri zai cike su ya goge da zarto. Amma in faifan ya lanƙwashe ko rabin haƙoran sun tafi, kada ka ɓata lokacinka. Na waya kuma in igiyar ta fara tsintsinkewa, ba a ɗinke ta, sai dai a sake.

Na hannu, wanda aka kwance daga wata motar, yana da arha kuma na asali ne, sai dai sa'an naka ne a shekaru. Ka duba haƙoran da ke aiki lokacin da gilashi ya kusa rufewa, nan ne aka fi matsa wa, nan suke fara ci. Na ƙofar direba ya fi kowanne shan wahala, ga shi na hagu ba ya shiga dama, na gaba ba ya shiga baya, na mai ƙofa biyu daban da na mai huɗu. Kai naka ka ajiye su gefe da gefe kafin ka biya.

Akwai kuma wanda kamfanin motar ya ƙera tun zamaninta, ya zauna a sito ba a taɓa ɗaura shi ba. In ka samu, ka tsinci dami a kala, amma da tsada, kuma shi ma sai an wanke tsohon giris ɗinsa.

Sababbin da wasu kamfanoni ke kwaikwaya su ne suka fi sauƙin samu, kuma a nan ake yin dace ko asara. Wani kamar na asali, wani ƙarfensa siriri, ramukansa sun goce, hannun gilashinka na asali ya ƙi shiga bakinsa. Tambayi shekarar motar da aka yi shi dominta, don kamfanoni kan sauya ƙofa a tsakiyar rayuwar mota ɗaya. Ka tabbatar kuma za a karɓa in bai shiga ba.

Mayar da shi na lantarki fa? Ba baƙon abu ba ne ga tsofaffin motoci, Packard ta Amurka ta fito da gilashi mai hawa da maɓalli tun 1940, ko da yake nata da matsin mai yake aiki. Amma saka shi a motar da ba ta zo da shi ba yana nufin huda ƙofa don wucewar waya, da fiyus, da maɓalli, kuma darajarta kan ragu a idon masu son komai na asali. Duba batir ma: kayan yau na bolt 12 ne, alhali Kunkurun da aka yi kafin 1967 bolt 6 gare ta.

Ko wanne ka zaɓa, ka tokare gilashin da katako ko ka manne shi da tef a sama kafin ka kwance noti na ƙarshe. Injin almakashi yana da naɗaɗɗen sifirin mai ƙarfi da ke taya shi ɗaukar nauyi, in na lantarki ne ka cire ɗan injin wutar da ke juya shi ba ka kulle ƙarafan ba, zai rufe a kan yatsunka. In ka gama, mayar da ledar da ke bayan murfin ƙofa, ita ke hana ruwa jiƙa shi.