Wata uku da ƙaramar rediyon da na sayo a Alaba

Kakana, Allah ya jiƙansa, goro yake sayarwa a Agege, kuma boko bai taɓa zama ajinta ba, da ajami yake rubuta bashin abokan cinikinsa. Amma duk layinmu babu wanda ya kai shi sanin halin da duniya take ciki. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗaki, ya zaro eriya, ƙarfe shida da rabi ya kamo BBC. Ni ce mai riƙe masa bakin wayar da ya ɗaura wa eriyar. Idan an gama labaran duniya sai ya rage murya ya ce, "To amarya, me suka ce?" Dole in maimaita masa, in na tsallake wani abu ya gyara min. A gefen buzun nan na ji rasuwar Janar Abacha ranar 8 ga Yuni, 1998. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Mulki sai Allah."

Shi ya sa da na gaji da labaran WhatsApp marasa tushe, na tafi kasuwar Alaba na sayo rediyo 'yar China mai caji, da faifan sola a bayanta da tocila a goshi. FM ba ita ta kai ni ba. Tashoshin Legas yawanci Yarbanci ne da Turanci da Burokin, ni kuwa Hausa nake nema, wato gajeren zango.

A nan ta biya ni. BBC, wadda sashenta na Hausa ya fara tun 1957, tana shigowa tangaram da safe. RFI Hausa ma, da aka buɗe a 2007 a nan Legas, tana kamuwa. Sai dai gajeren zango yana son haƙuri, domin siginar sai ta haura sama ta dawo ƙasa, kuma yanayin saman yana sauyawa tsakanin rana da dare. Da rana ki nema wajen mita 16 da 19 a fuskar rediyon, da dare ki gangaro 31 ko 41. Kaka bai san dalilin ba, amma yatsunsa sun san wurin.

Aibinta biyu. Maɓallin neman tasha ya yi laushi da yawa, ɗan taɓi kaɗan tasha ta gudu. Sannan ba ta jure hayaniyar lantarki: maƙwabci na tayar da janareta, ko a jona cajar waya kusa da ita, sai ta kama shuuu. Na ɗaura wa eriyar waya mai tsawon kamu biyar na rataya a taga, abin ya ragu sosai. Solar kuwa, a daminar Legas kada ki dogara da ita. Batirin dai yana kai ni kwana uku idan ya cika.

Duk da haka ban yi nadama ba. Shirin takwas da rabi na dare ya zama lokacin da nake ajiye waya in zauna in saurara daga farko har ƙarshe. Mai son saye, kafin ki biya, sa mai shago ya murɗa miki SW, wato gajeren zango, a gabanki, ki ji murya da kunnenki. Ni da na je saye, sai a rediyo ta uku na ji tasha ta fito.