Zagayen tsohon birnin Fas da ɗan jagora: abin da kuɗina ya saya

Ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ce ta kai mu Fas ta ƙasar Maroko, ni da Baffana. Da muka kammala, sai ya rage mana kwana ɗaya, na ce ba zan bar garin nan ba sai na taka inda fataken da suka ƙetare Sahara suke sauke kaya. Mai masaukinmu ya haɗa mu da wani ɗan jagora mai lasisin hukuma, muka yi ciniki a kan zagayen ƙafa na rabin yini. Dattijo ne mai farar jallabiya, Larabcinsa na makaranta ne ba na kasuwa ba, don haka muna fahimtar juna. Tun a waya na gaya masa tarihin fatauci da matafiya nake so, ba sayayya ba.

Daga ƙofar Bujulud muka fara, wadda ya gaya mana gaskiya cewa sabuwa ce, ginin 1913. Wannan ya sa na fara yarda da shi, domin da ya ce shekararta dubu ba za mu musa ba. Muka gangara lungun Tala'a Kabira. Mota ba ta shiga. Jakuna da alfadarai ne ke dakon kaya, mai kora yana ihun "balak, balak" kana mannewa da bango. Wanda bai san gari ba, cikin ɗan lokaci zai ɓace. A nan kaɗai ɗan jagora ya ci kuɗinsa.

Inda zagayen ya fi ratsa ni shi ne makarantar Bu Inaniyya. Sarki Abu Inan Faris na daular Banu Marin ne ya gina ta tsakanin 1350 da 1355. Ɗan jagoran ya zaunar da mu a tsakar gida, ƙarƙashin sassaƙar katako da rubutun da aka zana a bango, ya ce wannan sarkin ne ya sa aka rubuta labarin shahararren matafiyi Ibn Baɗɗuɗa. Mutumin Tanja ne, an haife shi a 1304, ya bar gida a 1325 da niyyar aikin Hajji, bai sake ganin Maroko ba sai 1349. A tsakani ya ga Makka da Bagadaza, ya sauka Mogadishu da Kilwa, ya yi alƙalanci a Delhi ƙarƙashin Sarki Muhammad bin Tugluƙ, ya sake yin alƙalanci a tsibiran Maldif. Da ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe, sarki ya haɗa shi da marubuci Ibn Juzayy, shi yana faɗa, wancan yana rubutawa, suka gama a 1355. Wato ana ɗora tubalin makarantar nan ana rubuta labarin, a gari guda. Tsigar jikina ta tashi.

Ya kuma ba mu wani labari da ban taɓa ji ba. Masanin tarihi Ibn Khaldun yana aiki a fadar Abu Inan a lokacin, kuma ya rubuta cewa mutanen fada suna raɗa cewa matafiyin nan ƙarya yake shararawa game da dukiyar sarkin Indiya. Da ya kai zancen gun waziri, sai waziri ya gargaɗe shi da misalin yaron da ya tashi a kurkuku, wanda da aka ce masa naman da yake ci na tunkiya ne, ya tambaya ko tunkiya kamar ɓera take, don ɓera kaɗai ya sani. Baffa ya jinjina kai ya ce, "Ɗana, haka aka riƙa yi wa alhazan ƙafa idan sun dawo suna ba da labarin Bahar Maliya."

Mun yi sallar azahar a masallacin Ƙarawiyyin, wanda ake danganta kafa shi ga Faɗima al-Fihriyya a 859. Ba mu daɗe ba.

Sai fanadiƙ, wato masaukan fatake. Gini ne mai ƙofa ɗaya babba da fili a tsakiya: ƙasa ta dabbobi da kaya, ɗakunan bene na baƙi, dare ya yi a rufe ƙofa. Wanda aka gyara ya zama gidan tarihi, na unguwar Najjarin, ginin 1711 ne, ya zo bayan zamanin da nake nema, amma tsarin bai sauya ba, kuma manyan sikelin auna kaya suna nan. Duk wanda ya san zango, ya san yadda mai masauki ke riƙe amanar baƙo, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa a ciniki, zai gane wurin nan ba tare da an yi masa bayani ba. A majemar Shuwara kuwa Baffa ne ya koma malami. Ya yi shekaru yana harkar fata a kasuwar Kurmi. Aka miƙa masa ganyen na'ana'a don wari, ya ce ba ya buƙata. Yana kallon ramukan yana nuna mini inda ake cire gashi, inda ake laushi da kashin tattabara, yana kwatanta shi da jimar bagaruwa ta gida. Shi ya gaya wa ɗan jagoran cewa da yawa daga fatar da Turawa suka riƙa kira ta Maroko, fatar jar akuya ce ta ƙasar Sakkwato da Kano da ayari ya haura da ita.

Nan ne ƙorafina na farko. Ɗan jagoran ya san gabas ciki da bai, amma kudancin Sahara a jimla biyu ya gama shi: zinare da gishiri. Alhali tafiyar Ibn Baɗɗuɗa ta ƙarshe wajenmu ta yi. Ya bar Sijilmasa, zangon ayari a kudancin Maroko, a 1352, ya yi kwana 25 zuwa Tagaza inda gidaje na gishiri ne da rufin fatar raƙumi, ya wuce Walata, ya zauna a fadar Mansa Sulaiman, ya bi ta Tumbutu da Gao, ya isa Takadda, wadda masana ke cewa ita ce Azelik a yankin Agadas na yau. A can ya ga ana narka jan ƙarfe ana yin sanduna da ake ciniki da su, kuma ya ambaci ana kai shi Borno da wata ƙasa da masana suke karantawa Gobir. Ayarin da ya dawo da shi a 1353 yana ɗauke da bayi mata kusan 600, kuma wannan ma bai kamata a ɓoye wa mai ziyara ba. Ko Hasan al-Wazzan, matafiyin da ya tashi a garin Fas ya kuma bayyana Kano da Katsina da Zazzau a ƙarni na 16, sai da na tambaya kafin ya ambace shi.

Ƙorafi na biyu ya fi ci mini rai. Duk da abin da muka yi magana a waya, ya shigar da mu shagon darduma da sunan mu huta mu sha shayi. Aka yi ta shimfiɗa mana kaya ɗaya bayan ɗaya, Baffa da kunya ya kasa tashi. Kusan awa guda ta tafi, kuma kowa ya san akwai la'ada a ciki. Sanadin haka makarantar Aɗɗarin, wadda aka kammala a 1325, shekarar da Ibn Baɗɗuɗa ya bar gida, a tsaitsaye muka leƙa ta.

Duk da haka zan sake ɗaukar ɗan jagora, kuma ina ba duk mai zuwa ziyara shawarar ya ware yini ɗaya. A nemi mai katin hukuma, a yanke kuɗi tun kafin a fita, a rubuta wuraren da ake so a takarda a miƙa masa, a kuma faɗa ƙarara cewa babu shiga shago. A sa takalmi mai riƙe ƙafa, domin garin gangare ne da hawa. Baffa sai da muka tsaya masa sau uku a hanyar dawowa. Idan da dattijo a tafiyar, a fara daga sama a gangaro, a ce wa mai tasi ya jira a dandalin Rasif da ke ƙasa.