Insulin, Ozempic ko Mounjaro: wace allura ce aljihunka da zafin Maraɗi za su iya ɗauka?

Tun da sunan Ozempic, allurar ciwon sukari mai rage ƙiba, ya fara yawo a WhatsApp da TikTok, masu ciwon sukari da masu neman rage ƙiba a Maraɗi suke tambayar inda ake samunta da kuɗinta. Akwai tambayoyi biyu da ya kamata su riga waɗannan: wata nawa za ka iya jure sayenta, kuma ina za ka ajiye ta a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wuta kuma tana ɗaukewa? Waɗannan allurai ba irin ta zazzaɓi ba ce da ake yi kwana uku a huta. Wanda ya fara, tafiya ce ta shekaru.

Wanda likita ya ce ciwon sukarinsa nau'i na 1 ne, galibi yara da matasa, jikinsa ya daina yin insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, kuma babu abin da zai maye gurbinta. Duk wanda ya ce maka Ozempic ko wani jiƙo zai raba ɗanka da insulin, da ran yaron yake wasa. Zaɓin da ke gabanka shi ne tsakanin ire-iren insulin ɗin. Akwai tsofaffin da aka sani: Actrapid mai saurin aiki, Insulatard mai jinkiri, da Mixtard 30 wadda ta haɗa biyun. Akwai kuma irin su Lantus, da ake yi sau ɗaya ta kai kusan awa 24, tana kuma rage faɗuwar sukari cikin dare, sai dai ta fi tsada. A ganina, tsohuwar insulin da kake samu kowane wata ta fi sabuwar da za ka yi wata biyu kana yi ta yanke maka.

Ka yi lissafin da kanka tun kana gaban farmasi. Kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da yunit 1000, don haka mai yin yunit 30 a rana kwalba ɗaya za ta kai shi wata. Mai siffar alƙalami yunit 300 ke cikinta, kwana 10 ke nan, ga kuma tsinin da ake saye dabam. Alƙalamin ya fi sauƙi ga dattijon da ido ya yi rauni da kuma mai yawan tafiya, amma kwalba da sirinji ne mafi rahusa. Kada ka manta da kuɗin na'urar awon sukari da ƴan takardunta, don su ne ke cin kuɗi a ɓoye. Sannan ka duba jikin kwalba: in an rubuta U-100, wato yunit 100 a kowace mililita, dole sirinjin ya zama U-100. In aka zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40, abin da zai shiga jiki ya ninka sau biyu da rabi, mutum na iya suma.

Sababbin allurai irin su Ozempic da Mounjaro ba insulin ba ne, aikinsu dabam ne. Suna sa jiki ya fitar da insulin ɗinsa idan an ci abinci, suna rage gudun abinci a ciki, suna kashe kwaɗayi. Ozempic ta kamfanin Novo Nordisk na Danmak ce, an amince da ita a Amurka a 2017 don ciwon sukari nau'i na 2, wanda ya fi kama manya, ana yin ta sau ɗaya a mako, ana farawa da miligiram 0.25. Wegovy, wadda ta biyo baya a 2021, sinadarinsu ɗaya, wato semaglutide, an dai ƙara ƙarfinta zuwa miligiram 2.4 don masu ƙiba. Mounjaro ta Eli Lilly ta fito a 2022. Victoza da Saxenda kuwa kullum ake yin su. A gwajin da aka yi, masu Wegovy sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, masu sinadarin Mounjaro mafi ƙarfi kuma kusan kashi 20. Amma waɗanda suka daina semaglutide, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya zube ya dawo. Masu talla ba sa faɗin wannan.

Ga kuɗi. Lokacin da aka fara sayar da Wegovy a Faransa a 2024, kuɗin wata ya kama kusan yuro 300, wato wajen jika 200 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a Nijar jika 42 ne. Abin yana min ciwo in ga magidanci ya sayar da ragon layya ko buhunan gero don alƙalami biyu, ya daina a wata na uku, alhali metformin, ƙwayar maganin sukari, da rage sukari a hura da shayi, da tafiyar ƙafa bayan asuba, za su iya riƙe shi da kuɗi kaɗan. Wanda kuɗin ya fi cancanta a kansa shi ne mai nau'i na 2 da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda, kuma saboda irinsa ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan allurai cikin jerin muhimman magunguna a 2025. A 2026 haƙƙin mallakar semaglutide ke ƙarewa a Indiya da Sin da Burazil, abin da ke buɗe wa kamfanoni masu araha ƙofa.

Ƴar'uwa mai son zubar da tumbi kafin biki, ki sani mai ciki ba ta yin su, mai neman haihuwa kuma sai ta daina semaglutide wata biyu kafin nan. Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida suna yawan zuwa a farko. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa har baya kuwa, asibiti ake nufa da shi nan take.

Inda za a saya shi ne ya fi damuna. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina har Kano ita ce kasuwarmu tun kaka da kakanni, kuma da yawa za su ce a naira ya fi sauƙi. Amma allurar da ta wuni cikin but ɗin mota a rana, ko ta gaskiya ce, ƙarfinta ya ragu, ido kuma ba ya ganewa. Jabu ma tana nan: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic ta ƙarya da aka kama a Burazil da Ingila da Amurka, a Ostiriya kuma an kwantar da mutane a 2023 bayan sun yi wadda ake zargin insulin aka ɗura a ciki. In ta kutsa can, teburin mai magani a bakin kasuwa ba zai gagare ta ba. Ka je da takardar likita farmasi mai lasisi, ka ga an ciro ta daga firigo a gabanka, ka duba lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin alƙalami, ka karɓi rasit. In farmasin za ta yi maka oda daga Yamai, ka tambayi kwana nawa take ɗauka, don ka riƙa yin oda tun ta hannunka ba ta ƙare ba.

A gida, wadda ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a sa ta wajen ƙanƙara, in ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe, yawancin insulin mako huɗu take yi, Ozempic mako shida, muddin zafin bai haura digiri 30 ba. Mixtard da Insulatard buɗaɗɗu ma sun fi son ƙasa da haka, sai ka karanta takardar cikin kwali. Wanda ba shi da firigo, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tana taimakawa: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Allurar a sa ta cikin leda ko gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. A lokacin rani da iska ke bushe ta fi aiki. Da damina sanyinta yana raguwa, sai a nemi maƙwabci mai firigo.