Zagayen tsohon birnin Agadas tare da ɗan jagora

Na ɗauki ɗan jagora domin zagaya tsohon birnin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2013, kuma ban yi nadamar kuɗin da na biya ba. Ya fara da bayanin tsarin garin: unguwanni 11 ne masu lunguna karkatattu, waɗanda suka samo siffarsu daga zangon da Abzinawa suka kafa tun kafin a gina gidaje.

A babban masallaci muka fi daɗewa. Hasumiyarsa da aka gina da ƙasa mai tsawon mita 27 tana tsaye da itatuwa da suka leƙo daga jikinta, kuma ya nuna mini cewa a kansu magina suke takawa idan lokacin yaɓe ya zo. Matakalar ciki tana da matsi ƙwarai, har kafaɗuna suna gogar bango, amma daga sama mutum yana ganin fadar Sarkin Abzin da rufin gidaje masu launin jar ƙasa. A gidan Sidi Ka kuwa, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen birnin, na tsaya ina kallon zanen da aka fitar a jikin bango da hannu.

Inda ɗan jagoran ya gaza shi ne saurinsa a cikin lunguna. Na ga bangayen da ruwan sama ya zaizaye, da wasu da aka toshe da siminti, abin da ya dame ni matuƙa, amma da na tambaye shi wane ne ke kula da gyaransu, sai ya taƙaita amsa ya wuce gaba.