Karenka na jin ciwo: kemis ko likitan dabbobi?

Karen farauta ya dawo daga daji yana ɗingishi, ko na gadi ya kwana yana nishi. Zaɓi biyu ne gaban mai shi: ya leƙa kemis ɗin bakin layi, ko ya nemi likitan dabbobi.

Kemis ya fi kusa, ya fi araha, iyakar fifikonsa ke nan. Ibuprofen da diclofenac da muke afawa ba ko tunani, a cikin kare sukan ci bangon tumbi su bar gyambo, su kuma taɓa ƙoda. Ɗingishin na iya lafawa yau, jibi sai ka ga kashinsa baƙi ƙirin kamar kwalta, yana amai da jini, ko nama ka miƙa masa sai ya kau da kai. Ƙaramin kare, ƙwaya ɗaya ma na iya kayar da shi. Paracetamol kuwa hanta yake lalatawa idan ya yi yawa. Likitoci kan ba kare shi wani lokaci, amma da awo. Kyanwa dai kada ma a fara, kashe ta yake yi.

Wajen likita akwai kuɗin mota da zaman jira, ba musu. Amma zai ɗora karen a sikeli, ya ba da maganin rage ciwo irin su carprofen ko meloxicam daidai nauyinsa, ya kuma duba ko karaya ce, ko ƙaya ce kawai ta maƙale a dagi.

In kuwa karen ya riga ya haɗiyi ƙwayar kemis, ɗauki kwalin maganin ku tafi wajen likita nan take, kada ka jira sai ya fara amai.